Makaɗan Gari da Wasan Taimako

1. Ranar da makaɗi yake bayarwa

Yara, babu garin da ba shi da makaɗa. In an yi haihuwa, su ne a ƙofar gida ran suna. In an ɗaura aure, su ke raka amarya. Sarki yana da nasa, masu tambari da kakaki da algaita. Mahauta suna da masu kalangu. Ƴan kokowa da ƴan dambe kuwa, kowane da mai kaɗa masa take.

A al'adarmu makaɗi karɓa yake yi. Ya yi kiɗa, ya yi kirari, a ba shi kuɗi ko riga ko hatsi, wani lokaci har doki. Sana'arsa ke nan, da ita yake ciyar da iyalinsa.

Amma akwai ranar da abin yake juyawa. Makaɗa su hau dandali bayan isha'i, su yi ta wasa har dare ya raba. Jama'a ta biya kuɗin shiga, amma ko dala ba za ta shiga aljihun makaɗan ba. Kuɗin na marayu ne, ko na waɗanda ambaliya ta rushe wa gidaje, ko na gyaran wani aji da iska ta yaye wa rufi. Wannan shi ake kira wasan taimako. Da Faransanci ana ce masa *concert de bienfaisance*.

Dalilan yin sa ba su da wuyar samu a ƙasarmu. An yi fari da yunwa a 1973 da 1974, aka kuma a 1984. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. Kogin Kwara ya cika ya shiga unguwannin Yamai a 2020. A 2024 ruwan sama ya rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, har tsohon masallacin Birni na Zinder ya faɗi. Idan irin wannan masifa ta sauka, ƙarfin mutum ɗaya ba ya isa. Dole a tara jama'a, kuma kiɗa ya iya tara jama'a.

A wannan darasi za mu ga inda wasan taimako ya samo asali, da yadda ake shirya shi, da abin da ke sa kuɗin su kai hannun masu su.

2. Tushensa yana cikin gayya

Kada ku ɗauka baƙon abu ne. Kakanninmu sun san shi, sai dai a gona suke yin nasu.

Idan wani dattijo ya kwanta ciwo da damina, haki ya kama masa gona, sai a kira gayya. Samari su fito da hauyoyinsu, su jera kafaɗa da kafaɗa. Ƴan mata su kawo ruwa da fura. A bayan manoma kuwa akwai mai gangar noma. Shi ba ya riƙe hauya, amma aikinsa uku ne. Na fari, ƙarar gangarsa ke sanar da gari an fara aiki. Na biyu, yana haɗa hannuwan manoma, su riƙa sara tare kamar mutum ɗaya. Na uku, yana yi wa wanda ya wuce gaba kirari, na baya ya ji haushi ya ƙara himma. Kafin la'asar gonar da za ta ci mutum ɗaya kwana goma ta ƙare.

A zamanin Shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin Samariya sun yi irin wannan aiki cikin birane da ƙauyuka. Sun gina azuzuwa, sun dasa itatuwa, sun share tituna, makaɗa na biye da su. Ku tambayi kakanninku, da yawansu sun ɗauki tubali a lokacin.

Wasan taimako gayya ce ta birni. A birni akwai ɗan kasuwa, da tela, da direba, da ma'aikacin ofis. Ba za su iya barin aikinsu su tafi gona ba. Maimakon hauya, sai kowa ya kawo kuɗi. Makaɗi kuwa aikinsa bai sake ba: ya kira jama'a, ya haɗa su, ya zuga su.

3. Mene ne orkes?

Ƙungiyar makaɗan zamani ita ake kira orkes. Galibi mutum shida ne zuwa goma sha biyu, kowa da aikinsa.

Akwai mai gitar ta gaba, wadda ke da tsirkiya 6. Shi ke fitar da zaƙin waƙa. Akwai mai gitar rakiya, da ke cike masa tsakiya. Akwai mai gitar bas, mai tsirkiya 4 masu kauri, wadda muryarta ke dukan ƙirji. Akwai mai jerin ganguna, wanda ke kiɗa da hannu biyu da ƙafa biyu a lokaci guda. Akwai mawaƙi da ƴan amshi, wani lokaci da ƴan rawa. Orkes da yawa na ƙasarmu suna haɗa waɗannan da kayan gida: kalangu, da ƙwarya, da gurumi, da molo, da goge, da sarewa.

Garuruwanmu sun fitar da orkes masu suna. A Tawa an yi Azna de l'Ader, wanda Mona mai gitar ya jagoranta. A Zinder an yi Super Haske. A Yamai, Yakuba Mumuni mai sarewa ya kafa Mamar Kassey a 1995. A Yamai ɗin kuma Tal National ya yi tashe, yana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, har faifansa mai suna *Kaani* ya fita a ƙasashen waje a 2013. A 1987 aka fara gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu, wadda aka sa wa sunan wani mashahurin mawaƙi na Tawa. Ban da waɗannan, akwai ƙananan orkes na unguwa da na makaranta waɗanda rediyo bai san da su ba, amma mutanen garinsu sun san su.

Yaya muryar mutum ɗaya take kai wa mutum dubu? Idan mawaƙi ya yi waƙa, muryarsa tana girgiza iska. Mikoro yana karɓar wannan girgiza, ya mai da ita ƴar wutar lantarki marar ƙarfi. Waya ta kai ta cikin wani akwati da ake kira ampili, shi kuma ya ƙara mata ƙarfi. Daga nan sai ta shiga amsa-kuwwa, wadda ke da wani faifai a ciki mai motsi gaba da baya. Faifan ya girgiza iska da ƙarfi, muryar ta fito babba. Duk wannan sai da lantarki. In wuta ta ɗauke, gitar zamani ta zama bebiya, kalangu kaɗai za a ji. Shi ya sa ba a fara wasa sai an tanadi injin wuta, wanda muke kira gurup.

4. Me ya sa sai makaɗan gari?

Wani zai ce: yau kowa yana da waƙoƙi cikin salularsa, don me zai biya kuɗi ya ji abin da yake ji kyauta? Amsa ita ce, salula ba ta ganin mai saurare. Makaɗi na dandali yana ganin jama'a. In ya ga waƙa ta kama su, ya tsawaita ta. In ya ga sun yi sanyi, ya sake kiɗa. In wata hajiya ta taso da gudummawarta, ya ambaci sunanta da na gidansu, ƙawayenta su ma su taso. Gani ya kori ji.

Orkes na gari kuma ya fi baƙo dacewa da wannan aiki, saboda dalilai huɗu.

Ɗaya, jama'a ta san su. Wannan ɗan wane ne, wancan makanikin bakin tasha ne, mai bas kuwa shi ke koyarwa a lakwal ta gabas. Danginsu da abokansu kaɗai sun isa cika rabin fili.

Biyu, da harshen gari suke waƙa. Za su iya tsara sabuwar waƙa a kan masifar da ta faru, su faɗi sunan unguwar da ta same ta.

Uku, ba su da tsada. Ba a biya musu jirgi, ba a kama musu otel. Kowa a gidansa zai kwana.

Huɗu, kuma shi ne mafi girma: gobe da safe suna nan cikin gari. Baƙon mawaƙi in ya gama sai ya hau mota ya tafi. Ɗan gari kuwa za a gamu da shi a kasuwa, a masallaci, a wurin suna, a tambaye shi: «Ina kuɗin marayu?» Sunansa ne ya ba da jingina, dole ya sa ido.

5. Darasi daga manyan wasanni na duniya

Kafin mu ga yadda ake shirya namu, bari mu leƙa wasu ƙasashe, don akwai abin koyo a can.

A 1971 an yi yaƙi a Bangaladash, wata ƙasa da ke maƙwabtaka da Indiya. Miliyoyin mutane suka gudu zuwa Indiya, ba abinci, ba magani. Wani makaɗin Indiya, Ravi Shankar, ya kai kuka wurin abokinsa George Harrison, mai gitar na ƙasar Ingila. Ran 1 ga Agusta 1971 suka tara abokansu makaɗa a birnin Niyok na Amurka, suka yi wasa sau biyu, da rana da dare. Mutum wajen 40.000 suka shiga. Kuɗin ƙofa sun kai dalar Amurka wajen 243.000, aka miƙa su ga UNICEF, hukumar da ke kula da yara ta duniya. Ku lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Amma an samu cikas. An yi faifai da fim na wasan, suka kawo kuɗi fiye da na ƙofa nesa ba kusa ba. Sai dai masu shirin ba su yi takardun da ke nuna aikin agaji ne tun kafin wasa ba. Hukumar haraji ta Amurka ta riƙe miliyoyin daloli shekara da shekaru, alhali masu yunwa suna jira. Kyakkyawar niyya ta tara kuɗin, rashin takarda ya tsare su.

A 1984 yunwa ta faɗa wa ƙasar Habasha. Lokacin ne mu ma a nan aka yi wadda mutane suka sa wa suna El Buhari. A farkon 1985 Manu Dibango na Kamaru ya tara mawaƙan Afirka a Paris, cikinsu har da Salif Keita na Mali da Mory Kante na Gine, suka yi faifai don taimakon Habasha. Ran 13 ga Yuli 1985 kuma, Bob Geldof, wani mawaƙin ƙasar Ailan, shi da abokansa suka shirya wasan da ake kira Live Aid. An yi shi rana ɗaya a birane biyu, Landan da Filadelfiya, aka nuna shi a talabijin wajen awa 16, cikin ƙasashe fiye da 100. An tara fiye da dalar Amurka miliyan 100. Wani kashi na kuɗin ya zo ƙasashen Sahel, har da Nijar.

Orkes na garinmu ba zai tara miliyoyin daloli ba. Amma dokar ɗaya ce ga babba da ƙarami: a gyara takardu tun da wuri, a san hannun da zai karɓi kuɗi, a san inda za su.

6. Yadda ake shirya wasa

*Manufa.* Abu na fari, a faɗi abin da ake nema a fili. «Taimakon talakawa» magana ce mai faɗi, ba wanda zai iya bin sawunta. «Rufin aji biyu na lakwal ta yamma» kuwa, kowa zai iya zuwa ya gani da idonsa.

*Kwamiti.* A zaɓi mutanen da gari ya yarda da su, maza da mata. A cikinsu akwai shugaba, da magatakarda mai rubuta komai, da ma'aji mai riƙe kuɗi, da mai bincike. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban. Makaɗa su sa wakilinsu, waɗanda za a taimaka su ma su sa nasu.

*Izini.* A kai takarda meri, wato hukumar gari. A sanar da ƴan sanda. A gai da mai unguwa, a gaya wa maƙwabtan fili, don ƙarar amsa-kuwwa ba ta san katanga ba.

*Wuri.* Ana son fili mai katanga da ƙofa, don a san wanda ya biya. Gidan samari ya dace, ko filin kokowa, ko filin lakwal. A Yamai akwai gidan al'adu na Umaru Ganda.

*Lokaci.* Da kaka ya fi, sa'ad da manoma suka sayar da wake da gujiya. Farkon wata ya fi tsakiyarsa, don ma'aikata sun karɓi albashi. Ba a sa wasa cikin azumi, ko lokacin jarrabawa, ko ranar da gari ke zaman makoki. Ba a kiɗa a kan lokacin salla. In dole ta sa a yi da damina, a nemi wuri mai rufi.

*Sanarwa.* A sa a rediyon gari. Sankira ya zaga kasuwa. Ƴan makaranta su rubuta alluna da Hausa da Faransanci: rana, wuri, kuɗin shiga, da abin da za a yi da kuɗin.

*Tike.* Kowane tike yana da lamba da hatimin kwamiti, kuma kashi biyu ne. A yage rabi a ba mai shiga, rabi ya zauna a littafi. In an tashi, yawan rabin da ya rage shi zai faɗi kuɗin da ya kamata a samu cikin akwati.

Su kuma makaɗa, sati biyu ko uku suna gwaji da yamma bayan kowa ya taso daga aikinsa. Ran wasa tun la'asar suke ɗora kaya a mota ko amalanke, su ja wayoyi, su gwada kowane mikoro.

7. Mu yi lissafi

Yanzu ku ɗauko allunanku. Wannan misali ne kawai, don mu koyi lissafin.

A ce iska ta yaye rufin aji biyu. Orkes na gari ya yarda zai yi wasa. Tiken babba 500 F ne, wato dala 100. Na yaro 100 F, wato dala 20.

Abin da ya shigo:
Manya 400, kowa 500 F: 200.000 F
Yara 300, kowa 100 F: 30.000 F
Gudummawar da aka zuba cikin ƙwarya: 70.000 F
Jimla: 300.000 F, wato jika 300.

Jama'a za su watse suna cewa an tara jika 300. Amma ku dakata, akwai abin da aka kashe.

Abin da ya fita:
Hayar kujeru 300, kowace 50 F: 15.000 F
Man gurup: 12.000 F
Motar ɗaukar kaya: 10.000 F
Buga tike da sanarwar rediyo: 13.000 F
Abinci da ruwan makaɗa da masu aiki: 15.000 F
Tsirkiya da gyaran waya: 10.000 F
Jimla: 75.000 F.

300.000 F a ɗebe 75.000 F, saura 225.000 F. Wannan kaɗai ne kuɗin rufi. Kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi wajen hidima.

To, a ce kuma ran wasa hadari ya taso. Manya 100 suka zo, da yara 100, ƙwarya ta samu 10.000 F. Jimla 70.000 F. Hidima kuwa tana nan yadda take, 75.000 F, don mai kujeru da mai mota ba ruwansu da hadari. An sha wahala, ba a samu ko tol ɗaya ba, ga bashin 5.000 F.

Wannan lissafi ya koya mana abu biyu. Na fari, a sayar da tike tun kafin ranar wasa, gida gida, kanti kanti. Na biyu, duk abin da aka samu kyauta taimako ne. Mai kujeru in ya yafe haya, ya ba da jika 15 ke nan. Direba in ya ɗauki kaya don Allah, ya ba da jika 10. Ya kamata a faɗi sunayensu a mikoro, kamar yadda ake faɗin na masu zuba kuɗi.

8. Haƙƙin makaɗa

Me makaɗa suka bayar? Daren da suka yi wannan wasa, da sun yi shi a gidan biki da an biya su. Kwanakin gwaji ma lokaci ne. Kayansu suna tsufa: tsirkiya tana tsinkewa, fatar ganga tana fashewa, ampili yana ƙonewa, kuma yawancin kayan daga waje ake sayo su. Makaɗi shi ma yana da iyali. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Don haka a biya musu abinci da sufuri da gyaran kaya, kada a bar su su ci bashi saboda alherin da suka yi. Kada kuma a riƙa kiran orkes ɗaya kowane wata ana cewa «don Allah ne».

Akwai wata magana da ake yankewa tun kafin a hau dandali, ita ce ta liƙi. Kun san in mawaƙi ya burge mutum, yakan taso ya liƙa masa kuɗi a goshi. A gidan biki waɗannan kuɗi na mawaƙi ne. A wasan taimako fa, na wane ne? In ba a yi magana ba, rigima tana nan tafe. Wasu sukan ce duka a zuba cikin ƙwarya. Wasu sukan ce a raba biyu. Kowanne aka zaɓa, a rubuta, a faɗa wa jama'a tun farkon wasa, don mai liƙi ya san inda kuɗinsa za su.

9. Bayan an kashe fitilu

Ganga ta yi shiru, jama'a ta watse. Yanzu ne babban aiki ya fara.

A ƙirga kuɗi a daren nan, gaban shaidu, a gwada da yawan tike. Kowa ya sa hannu a takarda. Kashegari a faɗi lissafin a rediyo, a manna shi a ƙofar lakwal ko ta meri: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga saura. Duk abin da aka saya, a karɓi resi. In aiki ya fi ƙarfin kwamiti, a miƙa kuɗin ga ƙungiyar da ta saba da shi, kamar Kurwa Ruj ta Nijar, wadda aka kafa a 1963, a karɓi takardar shaida. In an gama rufi, a kira jama'a su zo su gani.

Me ya sa ake wannan duka? Domin kuɗin amana ne. Mai tuyar ƙosai da ta biya dala 100 ba don ta rasa abin yi da su ba ne. In ta ji an ci, ba za ta sake zuwa ba, kuma za ta hana ƴaƴanta. Kwamiti ɗaya marar gaskiya yana iya toshe ƙofar taimako a gari shekaru da yawa, kuma marayun gobe su za su biya.

A kiyaye mutuncin waɗanda ake taimako. Ba a hawar da maraya ko mai naƙasa bisa dandali don jama'a ta ji tausayi. Ba a ɗaukar hoton mutum yana kuka a watsa a salula. Wanda ambaliya ta ci gidansa jiya maƙwabcinmu ne mai rufin asiri, kuma gobe ba mu san a kan wa za ta faɗa ba.

Akwai kuma mutanen kirki da ba su zuwa wurin kiɗa, saboda addini ko saboda shekaru. Ba a yi musu gori. A kai musu littafin gudummawa har gida, su ma su sami rabonsu na lada.

Daga ƙarshe, ku sani wasa na dare ɗaya ne. Buhun hatsin da aka raba zai ƙare. Shi ya sa masu hankali sukan sa kuɗin cikin abin da zai daɗe: rijiya, ko bankin cimaka na ƙauye, ko tebura da littattafai, ko magudanar ruwa da za ta tsare unguwa daga ambaliyar baɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makaɗa sun kira hannuwa sun taru, saura a ɗora jinkar a kan ɗakin da aka ce.

Mu riƙe

Wasan taimako wasa ne da makaɗa ke yi don a tara kuɗin agaji.
Tushensa ɗaya da gayya.
Taimako shi ne abin da ya saura bayan an ɗebe hidima.
Kuɗin jama'a amana ne: a ƙirga gaban shaidu, a rubuta, a faɗa wa kowa.

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka uku mai gangar noma yake yi a wurin gayya?
2. Ku faɗi hanyar da murya take bi daga bakin mawaƙi zuwa kunnen jama'a.
3. Me ya tsare kuɗin faifan wasan Bangaladash?
4. Don me aka raba tike kashi biyu?
5. Me ya sa mai riƙe kuɗi ba shi ne mai rubutu ba?
6. Manya 250 sun biya 500 F kowa, yara 200 sun biya 100 F kowa. An kashe 60.000 F. Nawa ya saura? Ku faɗi amsar da jika.

Aiki

Ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa na gidanku labarin wata gayya da suka gani: gonar wa aka nome, wa ya yi kiɗa? Ku rubuta shi cikin layi goma.

Ku kasu ƙungiya ƙungiya. Kowace ƙungiya ta zaɓi abu ɗaya da lakwal ɗinku take bukata, ta rubuta allon sanarwa na wasan taimako, da Hausa a sama, da Faransanci a ƙasa.